4K a Tsohuwar Kwamfuta: Ka Ƙara Mata Ƙarfi, Ka Canja Ta, ko Ka Bar Kuɗinka a Aljihu?

Da zarar an gama girbi an shiga lokacin bukukuwa a ƙasar Zuru, akwai ƙorafin da ke yawo a bakin samarin da ke ɗaukar bidiyon aure, da masu tura fina-finai a waya a kasuwar Bena, da ɗaliban da ke haɗa abin da za su ɗora a TikTok. Waya tana ɗaukar 4K lafiya lau, amma da an zuba bidiyon a kwamfuta sai ta shaƙe. Hoto ya tsaya murya na tafiya, fanka na kuka kamar injin niƙa, jikin laftof ya ɗau zafi har ba ka iya ɗora shi a cinya. Daga nan sai shawarwari su fara zuwa: wani ya ce a ƙara RAM, wani ya ce a sa SSD, wani ya ce a sayar a cika kuɗi a sayo sabuwa daga Kano.

Dukkansu suna da gaskiya a wani wuri, kuma kowannensu zai iya sa ka yi asarar kuɗi idan ba a wurin matsalarka take ba. Abin da ya kamata ka fara sani shi ne me kake so kwamfutar ta yi da bidiyon. Kallo kawai? Haɗawa da babbar talabijin? Ko yanka da haɗawa, wato editin? Waɗannan ayyuka uku ne daban, kuma ba sashe ɗaya na kwamfuta ke ɗaukar nauyinsu ba.

Allonka ɗigo nawa yake da shi?

Kowane hoto a allo tarin ƙananan ɗigo ne, su ake kira fiksal. Bidiyon 720p yana da ɗigo 1280 a kwance da 720 a tsaye, jimilla 921,600. Na 1080p yana da 1920 sau 1080, wato 2,073,600. Shi kuwa 4K, 3840 ne sau 2160, jimilla 8,294,400, ninki huɗu cif na 1080p. A kowace daƙiƙa kwamfuta za ta zana irin wannan hoton sau 30 ko sau 60.

To yanzu dubi laftof ɗin da ya fi yawa a hannun mutanenmu: HP EliteBook 8470p, Dell Latitude E6420 da E6430, da danginsu da aka ƙera tsakanin 2011 da 2013, suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka kafin su iso mana a matsayin gwanjo. Mafi yawansu allonsu 1366 ne sau 768, ɗigo miliyan ɗaya da 'yan kai. Ko 1080p ba ya shiga wannan allon gaba ɗaya, balle 4K. Idan ka kunna 4K a kansa, kwamfutar za ta yi wahalar warware ɗigo miliyan takwas, sannan ta zubar da kusan miliyan bakwai domin ragowar su dace da allon. Kamar ka yi hayar tirela ne ka ɗauko buhun dawa ɗaya daga Bena zuwa Ribah.

Ko da allon ya kai, ido ma yana da iyaka. A allon inci 14 mai 1080p, idan fuskarka ta yi nisan abin da ya wuce rabin mita kaɗan, lafiyayyen ido ya daina rarrabe ɗigo ɗaya da na kusa da shi. A talabijin mai inci 43, sai ka matso kusa da ita ƙasa da mita 1.7 kafin ka fara ganin abin da 4K ya fi 1080p da shi. A gidan kallon ƙwallo, in ban da 'yan benci na farko, babu wanda zai ga bambanci. Amma tashi daga 768 zuwa 1080p a laftof, wannan kam ido yana ganinsa nan take, musamman a rubutu. Mu da ke wuni muna kallon layukan kod mun fi kowa sanin haka.

Inda ainihin matsalar take

Mutane da yawa suna ɗauka girman bidiyo ne kawai ke wahalar da kwamfuta. Abin da ya fi girman tasiri shi ne yadda aka matse shi. Ba a ajiye bidiyo ɗanye, domin da haka ake yi da minti kaɗan sun cika wayarka. Ana matse shi da wata dabara da ake kira kodek, kuma duk na'urar da za ta nuna shi sai ta warware matsin tukuna. Tsohon kodek da kowa ya sani shi ne H.264. Bayansa aka yi H.265, wanda ake kira HEVC, sai VP9 na Google, sai AV1 wanda ya fi su sabunta. Sababbin sun fi iya matse bidiyo ya ƙanƙance, amma warware su ya fi cin ƙarfi.

A cikin furosesa akwai wani ɗan sashe da ba shi da aiki sai warware bidiyo. Idan ya san kodek ɗin, zai yi aikin cikin sauƙi, fanka ma ba za ta ji ba. Idan bai san shi ba, sai aikin ya faɗo kan furosesar gaba ɗayanta, ta riƙa yin lissafin da ƙarfin tuwo, ta kai 100 bisa 100, bidiyo ya fara tsalle. Wannan ne dalilin da ya sa wayar da ba ta kai rabin kuɗin laftof ɗinka ba take nuna bidiyon da shi ya gaza: an ƙera ta bayan fitowar kodek ɗin, shi kuwa kafin nan aka yi shi.

A furosesocin Intel abin yana tafiya ne da zubi, wanda 'yan kasuwa ke ce wa jen. Zubi na 2 zuwa na 5 H.264 suka ƙware a kai. Zubi na 6, wanda ya fito a 2015, shi ya fara warware HEVC na yau da kullum da kansa. Zubi na 7 ya ƙara da VP9 da kuma HEVC mai zurfin launi, wanda ake kira 10-bit. AV1 kuwa sai a zubi na 11, a 2020. Ga abin da ke ɗaure kai: YouTube ba ya ba da H.264 a sama da 1080p. Duk bidiyon da ka zaɓi 1440p ko 4K, da VP9 ko AV1 zai zo maka. Haka nan iPhone, daga 12 zuwa sama, idan ba ka taɓa saitinsa ba, yana ɗaukar bidiyo ne da HEVC 10-bit. Shi ya sa bidiyon da 'yar'uwar amarya ta ɗauka da iPhone ke ƙin tafiya a kwamfutar da ke nuna finafinan Indiya ba gargada.

Babu adadin RAM da zai koya wa furosesar 2012 kodek ɗin da ba a gina mata shi ba. Wannan ita ce asarar da na fi gani ana yi: a je Zuru ko Kontagora a sayo RAM, a dawo a kunna, bidiyo na nan yana tsalle yadda aka bar shi.

Gwajin da ba ya cin ko sisi

Kafin ka ba kowa kuɗi, duba lambar furosesarka. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga Performance. Za ka ga abu kamar i5-3320M ko i5-8250U. Lambar farko bayan ɗan layin ita ce zubin: na farkon zubi na 3 ne, na biyun zubi na 8. Idan ka ga irin i5-1135G7, lambobi biyun farko za ka karanta, wato 11.

Ka bar tagar a buɗe ka kunna bidiyon da ke ba ka wahala. Idan CPU ce ta haye sama ta manne, matsalar kodek ce. Idan Memory ce ta cika, RAM ne ya yi kaɗan. Idan Disk ne ke nuna 100 bisa 100, tsohon had-dis ɗinka ne ya gaji. A YouTube kuma, danna maɓallin dama na linzami a kan bidiyon ka zaɓi Stats for nerds. Zai nuna maka kodek ɗin: avc1 shi ne H.264, vp09 shi ne VP9, av01 shi ne AV1. Zai kuma nuna yawan hotunan da kwamfutar ta zubar saboda ta kasa binsu. Wani lokaci za ka tarar ba ta zubar da ko ɗaya ba, netwok ne kawai ke ja da baya, ka ga kenan kwamfutar ba ta da laifi.

Idan avc1 yana tafiya daidai amma vp09 na tsalle, akwai ƙaramar manhaja da ake liƙa wa Chrome ko Firefox mai suna h264ify, wadda ke tilasta wa YouTube ya ba ka H.264. Za ka rasa 4K, amma 1080p zai tafi sumul, batir ma ya ƙara daɗewa. Don bidiyon da ke cikin kwamfuta, VLC yana buɗe HEVC ba tare da ka sayi komai ba.

Sai kuma ƙura. Wanda ya san hunturun Kebbi ya san abin da ke shiga cikin laftof daga Disamba zuwa Fabrairu, sannan zafin Maris da Afrilu ya biyo baya. Furosesa idan ta yi zafi tana rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Laftof ɗin da ya shekara goma ba a buɗe shi ba, man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta ya bushe ya zama kamar alli. Buɗewa, hure ƙura da sa sabon mai aiki ne na ƙasa da awa ɗaya a wurin mai gyaran da ya san hannunsa, kuma sau da yawa shi kaɗai yake dawo da 1080p da ya fara gagara.

Abin da za ka iya canjawa

SSD shi ne canjin da ban taɓa jin wanda ya yi nadamarsa ba. Tsohon had-dis mai juyawa yana karanta abin da bai wuce megabait 100 da ɗoriya ba a daƙiƙa, SSD na SATA kuwa yana kai wa 500, kuma wajen neman ƙananan fayiloli tazarar ta fi haka nesa ba kusa ba. Kwamfuta za ta tashi da wuri, manhajar editin za ta buɗe da wuri. Amma ba zai ƙara ko ɗigo ɗaya a allonka ba, ba kuma zai warware VP9 ba.

RAM daga 4GB zuwa 8GB yana da amfani ga kowa, 16GB kuma ga mai editin. Ka lura da iri: tsofaffin suna cin DDR3 ko DDR3L, sababbin DDR4, kuma ba sa shiga ramin juna. Idan laftof ɗin yana da rami biyu, sanda biyu masu 4GB sun fi sanda ɗaya mai 8GB, domin girafik ɗin da ke cikin furosesa daga RAM ɗin yake aro, kuma hanya biyu ta fi ɗaya saurin kai kaya.

Allo ma ana iya canja shi a wasu. EliteBook 840 G3, misali, kamfanin ya fitar da shi da allo iri-iri, saboda haka wanda ya zo da 768 galibi yana karɓar na 1080p idan mai gyara ya tabbatar bakin wayar allon ya dace. Su 8470p da E6430 kuwa iyakarsu 1600 sau 900. Furosesa da girafik na yawancin laftof an liƙe su ne a jikin bod, babu zancen canji.

Mai kwamfutar tebur ya fi samun sauƙi. Tsohuwar Dell OptiPlex ko HP ta ofis za ta iya karɓar ƙaramin katin girafik irin GT 1030, wanda bai wuce wat 30 yake ci ba, yana warware HEVC da VP9, yana kuma fitar da 4K sau 60 a daƙiƙa. Ka nemi mai GDDR5, domin akwai mai DDR4 da suna ɗaya amma ƙarfinsa bai kai ba. Ka kuma guji GT 710 da ake yawan tallatawa da arha, shi ma tsohon zubi ne, bai san sababbin kodek ba. Idan editin kake yi, GTX 1050 Ti ya fi dacewa saboda yana taimakawa wajen fitar da bidiyo, abin da GT 1030 ba ya yi. Sai dai a garin da sola da janareta ne abin dogaro, kwamfutar tebur da allonta da katinta suna cin wuta ninkin abin da laftof mai cajar wat 65 ke ci, kuma da wuta ta ɗauke aikin da ba ka adana ba ya tafi.

Ga mai son haɗa laftof da talabijin, ramin da wayar ke shiga shi ma yana da iyaka. HDMI 1.4 yana kai 4K amma sau 30 kawai a daƙiƙa, sai HDMI 2.0 ko DisplayPort 1.2 ne ke kai 60. Shuɗin ramin nan na VGA ka manta da shi a maganar 4K.

Kuɗin da ba a lissafawa

A ce ma kwamfutar ta iya. Wa zai biya data? Netflix da kansa ya ce 4K yana iya cin 7GB a awa ɗaya, HD kuma har 3GB. YouTube yana ba da shawarar netwok mai gudun megabit 20 a daƙiƙa, tsayayye, don 4K, alhali 5 ya isa 1080p, 2.5 ya isa 720p. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, kowa ya san yadda gigabait ɗaya yake a aljihu. Kuma a ƙauyukanmu, inda wani lokaci sai ka nemi tudu kafin saƙon WhatsApp ya wuce, megabit 20 tsayayye labari ne. Su Labarina da Izzar So miliyoyin mutane ke kallonsu a YouTube, kuma duk wanda ya zauna a majalisa ya san a waya ake kallo, da yawa ma a 360p don data ta kai ƙarshen fim.

Ga mai ɗaukar biki lissafin ya fi zafi. Saitin kyamarar iPhone yana nuna cewa minti ɗaya na 4K sau 30 yana cin kusan 170MB, na 1080p kuma 60MB. Bikin awa uku ya zama kusan 30GB a 4K, ko 11GB a 1080p. Idan ka gama editin za ka ɗora a YouTube, bidiyon minti 30 a ingancin da YouTube ke so na 4K zai kai kusan 9GB, na 1080p kuma bai cika 2GB ba. Sannan ina bidiyon zai ƙare? A WhatsApp na dangin ango, wanda zai sake matse shi. Ko lokacin da WhatsApp ya kawo maɓallin HD na bidiyo a 2023, zuwa 720p ya ɗaga shi. Ko kuma a memorin waya ta hannun mai turi, wanda zai rage shi don fina-finai goma su shiga kati ɗaya.

Ni a ganina, abin da ke sa a sake kiran mai bidiyo wani bikin ba yawan ɗigo ba ne. Bikinmu da yawa da yamma ko da dare ake yi, kuma 4K a cikin duhu ƙarin ɗigo ne na dusashewa. Fitila mai kyau, ƙaramin makirfon na maƙalawa a riga, da sandar da ke hana hoto rawa, sun fi gyara aiki a idon mai biki, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar na sabon laftof ba.

Wannan ba ya nufin 4K ba shi da rana. Idan ka ɗauka a 4K ka fitar a 1080p, kana iya zuƙo fuskar amarya ninki biyu ba tare da hoton ya fashe ba, kamar kana da kyamara biyu. Kuma akwai abin da ya cancanci a adana shi da mafi kyawun inganci: rawa da kokawar bikin Uhola, ko hira da dattijon da ya san tarihin garinku. Irin wannan ka ɗauka a 4K ka ajiye asalin a had-dis na waje, ko da yau ba ka da allon da zai nuna shi.

Kuma tsohuwar kwamfuta tana iya editin ɗinsa idan ka bi ta hanyar furoksi. Manhajar tana yin ƙaramin kwafi mai sauƙi na kowane bidiyo, ka yi yanke-yankenka a kansa, sai lokacin fitarwa ta koma kan na asalin. Premiere Pro, DaVinci Resolve, Shotcut da Kdenlive duk suna da wannan, biyun ƙarshe kyauta ne kuma ba su da nauyi. Ko ka bi da bidiyon ta HandBrake ka mayar da shi H.264 kafin ka fara. Fitarwar za ta ɗau lokaci, wataƙila ka bar ta ta kwana tana yi, saboda haka sai ka tabbatar batirin sola zai kai. Mafi sauƙi ma, ka gyara daga tushe: a iPhone ka shiga Camera, Formats, ka zaɓi Most Compatible, ka kuma kashe HDR Video. A wayoyin Android da yawa akwai maɓallin HEVC ko High efficiency a saitin kyamara, ka kashe shi.

Yaushe canji ya zama dole?

Idan laftof ɗinka zubi na 2 ne zuwa na 4, ka sa masa SSD, ka kai RAM 8GB, a share masa ƙura, ka tsaya a nan. Duk abin da ka ƙara bayan wannan ba zai dawo ba ranar da za ka sayar, SSD ɗin kuwa kana iya cire shi ka tafi da shi sabuwar kwamfuta. Idan zubi na 6 ne ko na 7, riƙe abinka, zai yi maka 1080p yadda kake so.

Wanda ya kamata ya canja shi ne wanda bidiyo ya zama sana'arsa, abokan cinikinsa na kawo masa fayilolin iPhone kullum, kuma jiran fitarwa yana sa shi mayar da aiki. Shi ma ba sabo fil yake buƙata ba. Akwai wani dalili da ya sa zubi na 8 ya zama layin da zan ja: Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a hukumance daga zubi na 8 yake farawa, in ban da wasu 'yan tsiraru. A zubi na 8 ne kuma i5 na ƙananan laftof ya tashi daga ƙwaƙwalwa biyu zuwa huɗu. EliteBook 840 G5, ThinkPad T480 da Latitude 7490 duk a wannan layin suke. A ɓangaren AMD, Ryzen 5 3500U zuwa sama ya wadatar. Tsohon kuma kada ka yar, Linux Mint yana tafiya a kansa lafiya, ya isa ƙani ya koyi kod.

Idan ka isa shago, ko a Beirut Road ta Kano ne, ko Sakkwato, ko wani ne zai aiko maka daga Computer Village ta Ikeja, kada sitikar i7 ta ruɗe ka. i7 na zubi na 3 ba zai yi abin da i5 na zubi na 8 zai yi da bidiyon yau ba, kuma ana liƙa sitika a cire. Buɗe Task Manager da hannunka ka karanta lambar. Shiga Display settings ka tabbatar allon 1920 sau 1080 ne, domin samfuri ɗaya yana zuwa da allo iri biyu kuma kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Ka tafi da filasha mai ɗauke da minti biyar na bidiyon 4K da wayarka ta ɗauka, ka kunna shi a gaban mai shagon, ka zare caja, ka bar shi ya kai ƙarshe kana kallon layin CPU kana sauraren fanka. Idan aiko maka za a yi, ka ce a ɗauki bidiyon wannan gwajin a turo maka kafin ka tura kuɗi.